Duwatsun Zariya da Tekun da Ya Rufe

A wani wurin fasa dutse da ke bayan garin Zariya, na tsuguna kusa da tulin tsakuwar da wata dattijuwa ta tara, na ɗauki ɓallin dutse guda wanda bai wuce tafin hannuna ba. Gefen da rana da ruwan sama suka daɗe suna duka baƙi-baƙi ne, babu abin kallo. Gefen da guduma ta buɗe da safiyar nan kuwa sai ka ce dambu: ga wasu ƙwayoyi jaja-jaja masu kusurwa, wasunsu sun kai gaɓar yatsa, ga farare masu sheƙi kamar gishiri, ga ƙananan baƙaƙe da ke walƙiya in an juya su ga rana. Iya mai tsakuwa ta bar mini shi kyauta, tana mamakin mai neman dutse ɗaya tak a inda mutane ke saye tifa-tifa.

Masana duwatsu suna kiran wannan dutse giranit, kuma girman ƙwayoyin nan shi ne abin da suke fara dubawa. Narkakken dutsen da ya ɓullo sarari ya sha iska yakan daskare da wuri, ƙwayoyinsa ba su samun sukunin girma, sai ya fito sumul. Ƙwaya ba ta kai gaɓar yatsa sai narkakken ya yi dubban shekaru yana hucewa a hankali, a lulluɓe, a can cikin ƙasa. Giranit irin na Kufena da Kwatarkwashi da na tsakanin Funtuwa da Gusau ya daskare ne a zurfin da ya kai kilomita goma ko fiye, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Yau ga shi a fili, awaki na hawa kansa. Ke nan an kwashe kilomitoci na dutse daga bisansa. Wancan abin da aka kwashe tsaunuka ne, kuma masu binciken sun nuna cewa a zamaninsu sun yi kafaɗa da Himalaya ta yau.

Yadda aka gina su sai an fara daga ƙarƙashin teku.

Duniya kamar mangwaro take, ɓawo da tsoka da ƙwallo. Ɓawon, haɗe da saman tsokar da ya sandare, a tsattsage yake gida-gida, manya bakwai da ƙanana da dama, ana ce musu farantai. Suna tafiya a kan tsoka mai zafi da ke ƙasansu, 'yan santimitoci a shekara. Ɓawon kuma iri biyu ne. Na ƙarƙashin teku siriri ne, kaurinsa wajen kilomita 7, baƙin dutse mai nauyi. Na nahiya ya kai kilomita 35 zuwa 40, amma ya fi sauƙi. Duk labarin nan a kan wannan bambancin nauyi ya rataya.

Ana haifar ɓawon teku a tsakiyar tekuna, inda farantai biyu ke rabuwa narkakken dutse na cike gurbin. Yana matsawa gefe yana hucewa, yana hucewa yana ƙara nauyi, har ya kai ranar da ya fi abin da ke ɗauke da shi nauyi. Daga nan sai ya lanƙwashe ya kurɗa ƙarƙashin maƙwabcinsa, ya nufi cikin tsokar duniya a karkace. Wannan nutsewar faranti ita ta sa da wuya a sami ƙasan teku da ya haura shekara miliyan 200, alhali a nahiyoyi akwai duwatsu masu shekara biliyan 4. Inda farantin ya lanƙwashe akan sami kwazazzabo mai zurfin gaske. Na Mariyana a tekun Fasifik ya kusa kilomita 11, har da za a jefa tsaunin Ebarest ciki, ruwa zai rufe kansa da sauran kilomita biyu. Tun kafin a fahimci abin da ke faruwa, Kiyoo Wadati a Japan da Hugo Benioff a Amurka sun lura cewa cibiyoyin girgizar ƙasa a irin waɗannan wurare suna jeruwa a kan layi mai gangara, har zuwa zurfin kilomita 700. Sawun farantin ne suke gani yana sauka.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne rawar da ruwa ke takawa. Farantin da ya yi shekara miliyoyi a ƙarƙashin teku ya jiƙu, ruwa ya shiga har cikin ginin ma'adinansa. Idan ya kai zurfin wajen kilomita 100, zafi da matsi su tatse ruwan, ya hau cikin tsokar da ke bisa. Ita tsokar da zafinta, amma matsi ya hana ta narkewa. Duk macen da ta taɓa jefa kanwa a tukunyar wake ta san abin da zai biyo baya: wutar ba ta ƙaru ba, amma waken da ya ƙi nuna ya yi laushi. Haka ruwan ke saukar da zafin da dutse ke bukata kafin ya narke. Narkakken ya taso, wani ya daskare a hanya, wani ya huda ƙasan teku ya yi aman wuta, aman ya taru bisa aman har ya leƙo saman ruwa ya zama tsibiri. Ba ɗaya ba, jeri guda, a lanƙwashe kamar bakan maharbi. Lanƙwasar ma da dalilinta: danna ƙwallon roba da babban yatsa ka duba bakin lotsawar, ba ya taɓa yin miƙaƙƙen layi. Tsibiran Mariyana, da Tonga, da Alushiyan na kusa da Alaska, da ƙananan tsibiran gabashin Karibiyan, duk bakan tsibirai ne. Aman da ya girgiza Tonga ranar 15 ga Janairun 2022 daga irin wannan tukunya ya fito.

Teku kuma ba ya ɗorewa yana ciyar da kwazazzabo har abada. Wata rana ɓawon tekun zai ƙare, abin da ke maƙale a bayansa ya iso bakin ramin, ko nahiya ce ko wani bakan tsibiran. A nan ake yin ta. Ɓawon nahiya da na tsibiran ba su da nauyin nutsewa. Masuntan Argungu sun san halin gora: danna ta cikin ruwa iya ƙarfinka, kana saki za ta taso. Tun da ba mai nutsewa, kuma turin bai tsaya ba, sai duwatsu su nannaɗe kamar tabarmar da aka tura jikin bango, su karye, wani falle ya hau kan wani. Ɓawo ya ninka kauri, ya kai kilomita 60 ko 70 kamar yadda yake a ƙarƙashin Tibet a yau. Ƙasan wannan tuli ya yi zafi ya narke, ya haifi giranit. Samansa kuwa shi ne tsauni.

Wanda ke son ganin wannan aiki da idonsa, Taiwan ce wurin zuwa. Bakan tsibiran Luzon, wanda ke kan farantin tekun Filifin, ya fara karo da gefen nahiyar Asiya wajen shekara miliyan 6 da suka wuce, kuma har gobe yana matsowa da kimanin santimita 8 a shekara. A wannan ɗan lokaci, laka da rairayin da ke kwance a gaɓar teku sun tashi sun zama tsaunuka, mafi tsayinsu Yushan mai mita 3,952. A gabashin tsibirin akwai wani dogon kwari tsakanin Hualien da Taitung, manoma na shuka shinkafa a ciki. Wanda ya tsaya a tsakiyarsa ya dubi yamma, Asiya yake kallo. In ya juya gabas, tuddan da ke gabansa tsofaffin tsibirai ne masu aman wuta da suka taso daga teku suka manne. Da yake karon a karkace ya zo, arewacin Taiwan ya riga kudu, abin yana tafiya kamar ana jan zif ɗin jaka. Mutanen wurin suna biyan kuɗin wannan gini da rayukansu. A daren 21 ga Satumbar 1999 girgizar Chi-Chi ta kashe fiye da mutum 2,400, ta ɗaga ƙasa mitoci da yawa cikin daƙiƙoƙi har ta karya madatsar ruwan Shigang.

A arewacin Pakistan an wuce wannan mataki. Bakan Kohistan ya maƙale tsakanin Indiya da Asiya, matsi ya kwantar da shi a gefe, yanzu babbar hanyar Karakoram tana ratsa shi daga saiwa har kai. Tsaunukan Afalashiya na gabashin Amurka ma da karon bakan tsibirai suka fara, shekara miliyan 470 zuwa 450 baya, kuma nazarinsu na cikin abin da ya sa Tuzo Wilson na Kanada ya kawo, a 1966, ra'ayin cewa tekuna suna buɗewa su rufe su sake buɗewa.

Namu tekun ya girme su duka.

Kimanin shekara miliyan 800 da suka wuce, akwai wani tsohon doron ƙasa mai tauri wanda a yau ke ɗauke da Muritaniya, Gini, Kodebuwa, yawancin Ghana, Burkina Faso da yankin Liptako na yammacin Nijar. Duwatsunsa sun haura shekara biliyan 2. Gabas da shi teku ne, masana suka sa masa suna Farusiya. A hayin tekun akwai gutsattsarin ƙasashe a warwatse, waɗanda daga baya za su zama Hoggar ta Aljeriya, da Abzin, da ƙashin bayan Najeriya da Binin. Ƙasan tekun ya soma nutsewa ta gabas, bakan tsibirai suka taso. Ɗaya daga cikinsu yana nan a kwarin Tilemsi, arewa da Gawo a Mali, duwatsunsa masu shekara wajen miliyan 730. Wani kuma saiwarsa ce ta rage, a tudun Amalaoulaou kusa da Ansongo. Ayarin raƙuma sun yi ƙarnoni suna ratsa wurin, a kan tsibiran da babu ruwa ko ɗigo a kewayensu.

Tsakanin shekara miliyan 630 da 600 tekun ya rufe. Tsibiran suka matse a tsakiya, gefen tsohon doron yamma ya kurɗa ƙarƙashin ƙasashen gabas. Mu a saman muke, a matsayin da Tibet take a yau, shi ya sa ɓawonmu ya yi kauri ya narke ya cika da giranit. A 1994 Russell Black da Jean-Paul Liégeois da abokan aikinsu suka ƙirga ƙyallaye 23 dabam-dabam a yankin Hoggar da Abzin da Adrar na Ifogas, kowanne da tarihinsa, an jera su an haɗe. Aikin gyartai ne sak, sakaina a jikin sakaina. Masanan ma ɗinki suke kiran layin haɗin. Babban ɗinkin ya taso daga Bou Azzer a Maroko, ya bi yammacin Hoggar, ya sauko Mali, ya ɓuya ƙarƙashin rairayi, ya sake ɓullowa a arewacin Binin, ya bi tuddan Kabiye da tsaunin Agu na Togo, ya dire a tuddan Shai kusa da Akara.

Sanin wannan ya ɗauki lokaci. J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 kan duwatsu da yanayin ƙasar Arewacin Najeriya, shi ya raba giranit ɗinmu gida biyu, tsofaffi da sababbi, rabon da ake amfani da shi har yau. A 1964 W. Q. Kennedy na Jami'ar Leeds ya lura cewa duwatsun sassa da yawa na Afirka, in aka auna shekarunsu, suna nuna wani babban zafi da ya game nahiyar kimanin shekara miliyan 500 baya, ya raɗa masa suna Fan-Afirka. Lokacin ba a gama yarda da tafiyar farantai ba. Ko bayan an yarda, wasu sun daɗe suna ja cewa nutsewar faranti irin ta yau ba ta aiki a wancan tsohon zamani.

Hujjar da ta fi ƙarfi daga Gurma ta Mali ta fito, kuma sai da madubin ƙara girma ake ganinta. Akwai wani ma'adini, kowesait, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na farin dutsen ƙanƙara da yara ke kyastawa, sai dai ba ya samuwa sai an matse shi da nauyin da ke zurfin wajen kilomita 90 ko fiye. A 1984 aka fara ganinsa a cikin duwatsun tsaunuka, a Alfs na Italiya da kuma Norwe. Bayan shekara goma, Renaud Caby, Bafaranshen da ya ƙarar da rayuwarsa yana taka Sahara da guduma, ya same shi a Gurma, a ɓoye cikin wasu ƙwayoyi masu tauri da suka zame masa sulke. Ma'anarsa, gefen nahiya ya bi farantin teku ya sauka kusan kilomita ɗari, sa'an nan halin gora ya dawo da shi. A 2014 Carlos Ganade de Araujo na Birazil, tare da Caby da wasu, suka auna ƙwayoyin zarkon daga irin waɗannan duwatsu masu zurfi a Mali da Togo da jihar Ceará ta arewa maso gabashin Birazil. Zarkon agogo ne, domin yuraniyom ɗin da ke cikinsa yana rikiɗa ya zama dalma a kan ƙa'idar da ba ta saɓawa. Wuraren uku suka ba da amsa kusan ɗaya, wajen shekara miliyan 610. Jerin tsaunuka guda ke nan mai tsawon kilomita 2,500, tsawon Himalaya. Birazil ta shigo ne domin lokacin a manne take da mu cikin babbar nahiyar Gondwana. Sai da Atilantika ta kudu ta buɗe, shekara miliyan 130 zuwa 100 baya, ta tafi da rabinta.

Alhazanmu ma suna taka irin wannan tarihi ba su sani ba. Duwatsun da suka kewaye Makka da na Hijaz, da tuddan gaɓar Bahar Maliya a Sudan da Masar, yawancinsu daga bakan tsibirai suka samo asali, waɗanda suka yi ta haɗuwa ɗaya bayan ɗaya a kusan wancan zamani. Bahar Maliya ce ta zo daga baya ta raba su biyu.

To ina tsaunukan namu suka tafi? Ruwa da ƙanƙara da iska suka cinye su, a lokacin da babu ciyawa ko itace a doron ƙasa da zai riƙe turɓaya. Kuma akwai abin da ke taimaka wa zaizaya. Tsauni yana da saiwa a ƙasa wadda ta ninka tsayinsa sau da yawa, tana yawo a kan tsokar duniya. Ka tsaya a bakin kogi a Yawuri ka kalli ana sauke buhuna daga kwalekwale: duk buhun da aka ɗauke, jirgin ya ɗan ɗago. Haka saiwar ke tasowa duk sa'ad da aka aske saman, ta miƙa wa ruwa sabon dutse, har abin da ke zurfin kilomita goma ko ashirin ya iso fili. Ɓaraguzan suka gangara kwaruruka. Jajayen duwatsun rairayi da laka na saman kwarin Bolta, wajen Tamale a Ghana, daga cikinsu suke. Ganade da abokansa suna ganin abin da ya kwarara teku daga waɗannan tsaunuka ya ciyar da halittu masu jiki na farko-farko da suka bayyana a wannan zamani. Kafin a cika shekara miliyan ɗari da ɗoriya, wurin ya baje, har rairayin da ya zama duwatsun Tassili na Aljeriya ya kwanta a kansa shimfiɗe.

A nan sai a yi hattara, don ba kowane tudu ne a ƙasarmu ragowar wancan karo ba. Duwatsun Jos masu kuza, da na garin Dutse, da na Damagaram, da zobban giranit na Abzin, su ne sababbin Falconer. Daga baya suka huda tsohon ɓawon ba tare da wani karo ba, na Abzin fiye da shekara miliyan 400 baya, na kudancin Filato wajen miliyan 140. Tsayin Hoggar na yau, har tsaunin Tahat mai mita 2,908, kumburin ƙasa ne da aman wuta na baya-bayan nan.

Ban ɗauki wannan ilimi a matsayin kayan aji kawai ba, domin karon ya bar mana gadon da ke shiga gidajenmu. Yayin matsin, ɓawo ya tsage dogaye-dogaye daga arewa zuwa kudu, kamar tsagar da ta bi ta Anka zuwa Yawuri da wadda ta bi ta Zungeru. Ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogin ɗauke da narkakkun ma'adinai, ya huce ya bar jijiyoyin farin dutse. Zinariyar Anka da Maru da Birnin Gwari da Bin Yawuri a cikin waɗannan jijiyoyi take. Amma ruwan da ya kawo zinariya ya kawo dalma a wasu jijiyoyin. A 2010 aka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, saboda ana kawo dutsen gida ana niƙawa a injin niƙa, ƙurar na sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe. Fiye da yara 400 suka rasu, kafin likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa su shawo kan abin. Ma'adinin dalmar ba ɓoyayye ba ne, toka-toka ne mai sheƙi da nauyi, ɗalibin shekarar farko a sashen nazarin duwatsu zai gane shi. Abin da ke ci mini rai shi ne wannan sani yana jami'o'inmu da Turanci, masu haƙar kuma suna rami da Hausa, ba a haɗa su ba sai da aka yi ta jana'iza.

Gado na biyu ruwan sha ne. A Maiduguri ko Sakkwato, inda rairayi da laka suka kwanta da kauri bisa tsohon dutsen, mai haƙa rijiyar burtsatse yana neman shimfiɗar rairayi mai ruwa ne. A Zariya da Funtuwa da Gusau ba haka abin yake ba. Giranit ba ya shan ruwa. Ruwan yana ɓoye ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama da kuma cikin tsagogi, shi ya sa wani gida zai sami ruwa a mita talatin, maƙwabcinsa ya kai tamanin ya tashi da ƙura, shi ya sa kuma masu hankali ba su kiran motar haƙa sai an zo da na'urar awo an shimfiɗa wayoyi an nemi tsaga. Na taɓa tsayawa kan wata haƙa a unguwarmu tun safe ina kallon abin da bututu ke tofarwa. Da farko jar marmara, sai wani laushi-laushi mai ruwan ƙasa da ke murmushewa a hannu, sai ƙarar injin ta sauya, farar ƙura mai kaifi ta turnuƙe ma'aikatan har gashin ido. Mai gidan yana zaune a benci da carbi, kowane bututu da aka ƙara kuɗi ne. Wajen la'asar ƙarfen ya yi wata 'yar zabura kamar ya faɗa gurbi, ƙurar ta yi duhu, ta zama taɓo, sa'an nan ruwa ya yi tsiri sama, yara suka sheƙo da bokitai tun bai washe ba.